Katin Da Inna Ta Ɓoye

Shafi na 19

Sallama gare ku mutanena. Na ga ruwan saƙonninku tun jiya, har da masu cewa na fiye jan rai. Ni'imatullahi ta Ambursa, ke kam kin rantse in ban saki shafin nan yau ba za ki hau kabu-kabu ki zo har gida ki ƙwace wayar. To ga shi, yi zamanki, ranar nan ba ta fita ba ce. Ku kuma da kuka cika ƙasan shafin jiya da zagin Inna Kulu, ku karanta wannan tukuna, sai mu ga wanda bakinsa zai iya ƙarawa.

Wanda ya shigo yau, ga inda muka tsaya. Inna Kulu, mahaifiyar Nazifa, ta diro unguwar Nassarawa daga Argungu kwana tara da suka wuce, ba waya ba saƙo, riƙe da hannun Faruk. Faruk shi ne ɗan farin Nazifa, shekararsa uku, a hannun Inna yake tun da aka yaye shi. Yau kwanansa huɗu yana zazzaɓi.

*

Goma na safe ba ta yi ba, amma kwanon ɗakin har ya fara ƙas-ƙas don zafi. Faruk na kwance kan tabarma, Inna ta lulluɓe shi da zannuwa biyu. Idanunsa sun yi jajir, kwantsa ta manne gefensu, tari kuma in ya taso sai ya naɗe shi kamar tabarma.

Nazifa na bakin ƙofa da faifai a cinya, wai tana tsince shinkafa. Tun ɗazu hannu ɗaya take juyawa. Ta saci kallon ɗakin, ta mayar da ido kan faifai, ta sake sata.

Ku 'yan zamani da kuke ɗora hoton ɗan farinku a waya tun yana cikin tsumma ba za ku gane ba. A gidan su Nazifa ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a nuna an damu da shi. Tun ranar suna sunan Faruk bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "yaron Inna". Shi kuma Anti yake ce mata. Allah ne kaɗai ya san yadda zuciyarta ke tafasa a bakin ƙofar nan.

"Inna, ya sha kunun?"

"Ya kurɓa. Ke mi ad damuwarki? Masassara ta, ta wucewa."

"Ban ce komi ba."

Suna haka sai ga Maman Joyce da bokiti a hannu. Sunanta Judith, 'yar Filato ce, ita ke ɗakin ƙarshe a gidan hayar, tana aiki a ƙaramin asibitin unguwa. Ita ce ta tasa Nazifa gaba tun 'yarta Kausar na kwana biyu a duniya, har yau da jaririyar ke wata biyar ba allurar rigakafin da ta wuce ta.

"Maman Kausar, tarin wa nake ji tun asuba? Har ɗakina."

Nazifa ta sunkuyar da kai.

"Yaron Inna na."

Maman Joyce ta dire bokitin. Shekara biyu tana gidan nan, ta riga ta koyi cewa ba a ce wa Nazifa Maman Faruk, amma har yau abin bai daina ba ta mamaki ba. Ta yi sallama ta shiga.

"Mama, ina kwana. Kai! Zani biyu a wannan zafin? So kike ki dafa mana mijin naki?"

Inna ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Malama, zuhwa nika so shi yi."

Maman Joyce ta durƙusa gefen tabarmar. Ta yaye zannuwan, ta taɓa goshinsa, ta juya kansa ta duba bayan kunne. Ƙananan ƙuraje ne birjik, sun fara gangarowa wuya. Ta buɗe bakinsa ta haska da fitilar waya. Sannan ta ɗaga rigarsa ta tsaya tana kallon yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka. Ta daɗe tana kallo.

"Ƙyanda ce."

Faifan ya zame daga cinyar Nazifa, shinkafa ta watse, kaji suka yo kanta a guje.

"Ba ta yiwuwa, Maman Joyce. An yi mai allurar. Inna da kanta tak kai shi, dut ban manta ba."

"Akan samu wanda aka yi wa ya kamu, amma ba kasafai ba, kuma takan zo masa da sauƙi. Mama, ina katinsa?"

"Na baro shi Argungu."

Da sauri Inna ta faɗa, kamar amsar na ajiye a bakinta tun ranar da ta zo.

Maman Joyce ta naɗe hannun rigar yaron na hagu, ta shafa damtsensa da yatsa, inda allurar farko kan bar ɗan tabo. Fatar sumul take. Ta ɗago ta dubi Inna, Inna ta dubi bango.

"Wani yaron ba ya yin tabo," in ji Maman Joyce a hankali. "Bari in sa kayan aiki. Ku canza masa riga marar nauyi, yanzu za mu asibiti. Numfashin nan bai yi mini ba."

Tana fita Nazifa ta shiga. Ba ta dubi tabarmar ba, jakar kayan Inna ta nufa.

"Bari! Ni ka ɗauko mai!"

Ina! Hannun Nazifa ya riga ya kai ƙasan jakar. Ta jawo riga, sai wani ƙullin baƙar leda ya biyo ta ya faɗo ƙasa ya warware.

Abu biyu ne a ciki. Wata 'yar hular jariri ta saƙa, ta tsufa har ba ka iya cewa ga launinta. Sai kati.

Nazifa ta ɗauka. Karatunta bai yi nisa ba, aji shida ta tsaya, amma ta iya karanta sunan da ta yi shekara uku tana karantawa a zuci. Faruk Abbas. Ga ranar haihuwa. Ta buɗe ciki.

Babu komai.

Ta juya baya. Babu komai.

Ta miƙe ta buɗe kwanon da ke saman kabad, ta ciro katin Kausar, ta shimfiɗa su biyu kan gado. Na Kausar ya sha biro, kwanan wata bisa kwanan wata, gefensa har ya yi laushi don yawan riƙo. Na Faruk kuwa layukan nan suna nan yadda aka buga su, ko ɗigo babu.

"Inna."

Inna ta kau da kai.

"Inna, wanga katin wa na?"

"Kin iya karatu."

"Kin ce kin baro shi Argungu."

"Na ce."

"Sau biyar, Inna. Sau biyar ina tuna miki rana, ki goya shi ki hita. Ki komo da azahar ki ce ya yi kuka har ya shiɗe. Ki ce kar in taɓa cinyatai, wurin allura na. Ina kika zuwa da shi?"

Inna Kulu mace ce da duk layinsu a Argungu ba mai ja da ita. Ita ke turara shinkafa ta kai kasuwa, buhu guda take juyawa ita kaɗai, muryarta kuma daga bakin titi ake jin ta. Yau sai ga ta ta sulale ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa.

"Asibitin nika zuwa."

"Inna, don Allah."

"Walle can nika zuwa. Akwai wani iccen dogon yaro ƙetaren hanya, inda wata mai ƙosai ka zama. Nan nika zama da shi. In ga mata na shiga, in ga suna hitowa. In rana ta yi tsaka in taso."

"Katin hwa?"

"Ranar hwarko na shiga. Na kai har tebur, anka rubuta sunanai. Sai nij ji wani ɗa ya ƙwalla ƙara daga ciki. Ban san sa'ad da nib bar wurin ba, sai ganina niy yi bakin hanya, takalmina guda."

Nazifa ta tsura wa Inna ido. Fushi ne, tsoro ne, ita kanta ba ta sani ba. A rayuwarta ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Shi yas sa kinka taho ba shiri."

"Baƙon dauro ya shigo layinmu. Gidan Arzika mai kihi ɗiya ukku sunka kwanta, ƙaramin anka kai kushewa. Da shi maigidana ka wasa kullum." Ta dubi Faruk. "Nac ce in gudu da shi. Ashe tare da mu yab biyo mota."

"Kin sani ke nan. Kin san ba shi da kariya."

"Masu ɗigon baki in sun zo gida ban taɓa hana su ba. Ni ka buɗe musu bakinai da hannuna. Har lungu nika bin su in ce su ƙara mai. Nac ce ko shi ya isa."

"Wancan na foliyo na, Inna! Maman Joyce ta hwaɗa mini, kowace cuta da tata!"

"Ni ina nis sani? Ni dai na ga ba allura ta ba."

"To mi allura tay yi miki?"

Maimakon amsa, Inna ta miƙa hannu ta ɗauki 'yar hular nan daga ƙasa. Ta kaɗe ta, ta ɗora a gwiwa, ta shiga shafa ta da tafin hannu.

"Wa aɗ ɗan hwarina, Nazifa?"

"Yaya Mansura mana."

"Ke ba ki taɓa tambayar kanki ba? Ni da nih hana ki kiran sunan naki, mi yas sa nika kiran Mansura gatsau tun daga ƙohwar gida?"

Nazifa ta dubi hular. Wallahi ba ta taɓa kawo abin a ranta ba. Abin da ka tashi ka tarar a gidanku ba ka tambayarsa.

"Akwai wani gabanta. Namiji. Muna Gulma sa'an nan, shekarata sha bakwai."

Faruk ya yi tari, Inna ta ɗora hannu a bayansa har ya lafa, sannan ta ci gaba.

"Ya hwara tahiya ke nan. In yat taho sai shi kama zanena, ni ko in ture shi don uwar mijina na kallo. Sai masassara tak kama shi. Kwana ukku ina jin kukanai ɗakin kakatai, ba ni da bakin magana. Ran kasuwa akwai wani mutum mai keke, da akwatin ƙarhe bayan keken, allura shika yi ma mutane. Kowa cewa shikai hannunai na da sa'a. Nis saci jiki, nis saci ɗana, nik kai mai."

"Inna..."

"Bari in ƙare, in nit tsaya ba ni iya komawa. Allura guda ta, ita yaka yi ma kowa, shi goge ga riga. Ni nar riƙe ƙahwahunai. Ni da hannun ga nawa. Yana kallona yana kuka, ina ce mai yi haƙuri, yanzu ka warkewa."

Hawaye suka gangaro ta cikin tsagar fuskarta, ba ta share ba.

"Wurin yak kumbura. Yay yi ruwa. Kwana tara."

Numfashin Faruk na ta fita da ɗan fito.

"Da anka ɗauke shi, uwar mijina tac ce ba a kukan ɗan hwari, abin kunya na. Sai niɗ ɗauki turmi. Gero kwano huɗu nid daka ran nan, ba mai ci, don dai ƙarar taɓarya ta ruhe ni. Babanku har yak koma ga Allah bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Hular ga ita kaɗai nis samu na ɓoye."

"Shekara nawa?"

"Talatin da ɗaya, in damina ta zo."

Ni kaina da nake rubuta muku sai da na ajiye wayar a nan na je na sha ruwa.

Nazifa ta durƙusa gaban uwarta. Fushin da ta tattaro ya rasa inda zai sauka. Wannan matar ce ta yi mata wankan jego kwana arba'in, ta hana kanta barci, ta goyi Faruk har bayanta ya yi kanta. Kuma ita ce ta bar shi ba kariya. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun so ne ya jawo su, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Mi as sunanai, Inna?"

Inna ta girgiza kai.

"Ban taɓa hwaɗinai ba. Da rai ban hwaɗa ba, balle yanzu."

"Da kin gaya mini. Da ni na kai yaron da kaina."

"Ke? Ke da ko wanka ba ki taɓa yi mai gabana ba? Can asibiti suna aka kira da ƙarhi, a ce ina uwar wane, ki tashi cikin mutane ki amsa. Kina iyawa?"

Maganar ta daki Nazifa, don gaskiya ce. Lokacin suna zaune a Argungu, gidansu da na Inna katanga ɗaya ce ta raba, kuma da Inna ta ce "ɗan hwari nawa na, ni ka kai shi", har daɗi Nazifa ta ji an ɗauke mata nauyi. Sau biyar ana ce mata ga wurin allura a cinyarsa, ko sau ɗaya ba ta ɗaga wandonsa ta duba ba. Ko sau ɗaya ba ta ce a nuna mata kati ba. Kunya.

"Laihin ba naki ba na ke ɗai," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ni nah haihe shi, ban duba ba."

Gyaran murya suka ji a bakin ƙofa. Maman Joyce ce cikin fararen kaya, jaka a kafaɗa. Ganin idanunta kaɗai ya isa ka san ta daɗe a tsaye a wurin.

"Mama, ki yafe ni, na ji. Allah ya ji ƙan yaronki." Ta shigo ta tsuguna. "Amma wancan mutumin ba ma'aikacin lafiya ba ne. Tamu allurar a gabanki ake ɓare ta daga leda, a yi sau ɗaya, a jefa a kwali. Ba a maimaita ta ga kowa."

"Na sani, Malama. Mai ƙosan nan ma ta sha gaya mini, har ta gaji. Kaina ya sani. Ƙahwahuna na sunka ƙiya."

"To yau ba sai sun yarda ba, akwai wasu ƙafafun." Ta dubi Nazifa. "Ina Abbas?"

"Ya kai hwasinja Ambursa, wayar ba ta shiga."

"Ba za mu jira shi ba. Ku ji ni da kyau. Allurar ƙyanda ba za ta kore wadda ta riga ta shiga ba, wannan ya wuce. Amma akwai abin da za a ba shi don idanunsa da ƙarfin jikinsa, kuma dole a saurari ƙirjin nan. Ƙyanda in za ta yi ɓarna, ta ƙirji ta fi bi. Kausar kuma daga yau ba tabarma ɗaya da shi, watanninta ba su kai na allurar ba. Wa zai goya shi?"

Inna ta yunƙura ta jawo zanen goyo, yadda ta saba shekara uku.

Nazifa ta riƙe ɗaya bakin zanen.

Suka tsaya haka, uwa da 'ya, zani a tsakaninsu.

"Inna, aza mini shi."

"Tsakar gida cike take da mata."

"Su gani."

"Har titi, Nazifa."

"Har titi. Ke ki goyi Kausar."

Inna ta dube ta. Sannan ta saki zanen, ta ɗaga yaron da hannu biyu ta kwantar da shi a bayan uwarsa. Ita ta gyara masa ƙafafu, ita ta ja zanen ta rufe masa ƙeya.

Zafin jikinsa ya ratsa rigar Nazifa. Ya fi nauyin da take zato. Rabonta da ta ji shi a jikinta tun ranar yaye, shi ma a ɓoye ne, a bayan ɗaki. Ya kwantar da kumatunsa a tsakanin kafaɗunta, ya ce cikin magagi,

"Anti... ruwa."

"Yanzu ka sha," ta ce. Ta cije leɓe don kar kukan ya fito.

Suka fito. Matan da ke wanki a bakin rijiya suka bar wankin. Wata ta dafa ta kusa da ita, wata ta ce "ikon Allah" a hankali. Nazifa ba ta kalli kowa ba. Ta tsallake kwatar ƙofar gida, ta bi lungun masu albasa, Maman Joyce a gaba tana sauri, Inna a baya da Kausar, silifas ɗinta na ta ɗas-ɗas.

Ranar Talata ce, ranar rigakafi. Rumfar asibitin cike take da mata da jarirai, kowacce da katinta tana fifita da shi. Maman Joyce ta tsaya.

"Ba ta nan za mu bi ba, kar mu raba wa jariran mutane. Ta ƙofar baya. Mama, ke ki tsaya waje da Kausar, ya ma fi."

Ba sai an faɗa ba. Inna ta riga ta tsaya. Akwai wani dogon yaro a gefen katanga, nan ƙafafunta suka kai ta da kansu. Daga cikin rumfar wani jariri ya tsala ihu, Inna ta runtse ido ta dafa itacen.

Ɗakin baya ƙarami ne, gado ɗaya da tebur, tagarsa na kallon katangar. Malam Abdussamadu, babban jami'in wurin, dattijo mai farin gemu da tabarau a kan hanci, ya karɓi katin daga hannun Maman Joyce. Ya buɗe, ya juya, ya dube ta. Ta girgiza masa kai kaɗan, alamar ba yanzu ba. Ya gane, ya mayar da ido kan sunan.

"Faruk Abbas," ya karanta da ƙarfi, yadda suka saba. "Ina uwar yaro?"

Nazifa na tsaye da shi a hannu.

Faruk ya motsa, ya ce, "Anti..."

"Au, ƙanwar uwar ce? Hajiya, uwar nika nema, akwai tambayoyin da ita kaɗai ka iya amsawa. A kira ta."

Ga ma'aikata biyu a ɗakin, ga mai shara a bakin ƙofa, ga wasu mata sun leƙo ta taga. Nazifa ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

"Ni ta."

"Na'am?"

"Ɗana na. Ni nah haihe shi." Ta sunkuya kan fuskar yaron, ta share masa kwantsar ido da bakin mayafinta. "Faruk. Faruk, buɗe ido ka gan ni. Faruk, ga Mama."

Ya buɗe idon da ƙyar. Ya kalle ta kamar yana son gane wace ce wannan da ta san sunansa. Sai ya ɗaga hannu ya kama bakin mayafinta ya riƙe gam.

Maman Joyce ta juya baya, wai tana neman wani abu a jaka.

Malam Abdussamadu ya sa abin sauraro a kunne, ya ɗora a ƙirjin yaron, ya koma baya, ya dawo gaba. Ya dubi agogon hannunsa yana ƙirga numfashi, leɓunansa na motsi. Da ya gama sai ya cire tabaran gaba ɗaya.

"Ta taɓa ƙirji. Babban asibiti za ku, yanzun ga, ba anjima ba. Amma ba ni barin shi shi hau hanya hakanan, sai na yi mai allura guda ta riƙe shi. Judith, ɗauko. Uwar yaro, kwantar da shi, ki riƙe mai ƙahwahu."

Maman Joyce ta ɓare ledar a gaban kowa, ta zuƙi maganin, ta miƙa masa. Nazifa ta kwantar da Faruk, ta dafe ƙafafunsa biyu. Da ya ga abin da ke hannun dattijon sai ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya fasa kuka, idonsa a kan uwarsa.

"Yi haƙuri," in ji Nazifa. "Yi haƙuri, yanzu ka warkewa."

Ba ta san maganar wa ta maimaita ba sai da ta fita. Kuma tagar a buɗe take.

Ɗas-ɗas-ɗas, ƙarar silifas a kan siminti. Ƙofar ta bugu da bango.

Inna Kulu ce, Kausar a bayanta, ɗankwali ya zame, takalmi ɗaya a ƙafa. Ƙafafun da suka ƙi shiga ɗakin allura sau biyar yau sun shigo da gudu. 'Yar hular na damƙe a hannunta na hagu. Idonta ba ya kan Nazifa, ba ya kan Maman Joyce, yana kan yaron da aka danne a gado, kuma wallahi ba Faruk take gani ba.

Allurar na dab da cinyarsa ta cafke wuyan hannun Malam Abdussamadu, riƙon mace mai juya buhun shinkafa.

Sai ta ƙwalla kiran wani suna da Nazifa ba ta taɓa ji a gidansu ba.

"SIRAJO!"